Ranar Wanka Ba A Ɓoyon Cibi

Jama'ar Sabo, ga tambaya: ɗan kasuwa ya zauna gaban abokan sana'arsa ya faɗi abin da ya sha masa kai, tonon asiri ne ko neman mafita?

Mu 'yan albasa a nan Ibadan, jarinmu yarda ce. Mai kaya yana Aliero, ya loda mota ya turo, mu sauke, mu bayar bashi, sai an sayar a biya. Ran da aka ji kuɗi sun maƙale maka, wa zai sake turo maka buhu? Shi ya sa mutum kan yi gum, yana dariya a rumfa, cikinsa kuwa wuta.

Bara wani ɗan'uwanmu ya yi hakan har wata uku. Da tura ta kai bango, ya zo zamanmu na bayan la'asar. Ashe matar da ta riƙe masa kuɗi biyu daga cikinmu sun san shugabar ƙungiyarsu. Cikin mako guda aka tsara biya kaɗan-kaɗan. Da ya zo da wuri, da bai sayar da babur ɗinsa ba.

To ai shawara ba baƙuwa ba ce a wurinmu. A Alƙur'ani akwai sura sukutum mai sunan Shura. A yaƙin Khandaƙ, shekara ta 5 bayan hijira, shawarar Salmanul Farisi aka bi aka haƙa rami. Manzon Allah (SAW) ya saurari shawara, balle mu?

Amma mai jin tsoron nan yana da gaskiyarsa, don wani zaman tarkon gulma ne. Saboda haka muka ɗora wa kanmu sharuɗɗa. Mai matsala ya gama magana ba a katse shi ba. A yi tambaya kafin a ba da shawara. Yara su fara, don in Alhaji ya riga su, ba mai iya musa masa. Ba a cewa "ai da ma na faɗa maka". Hukunci na mai abu ne. Abin da aka faɗa a tabarma kuma a naɗe shi da tabarmar.

Kun ga ashe kunyar ba ta wanda ya kawo damuwarsa ba ce. Ta wanda ya karɓi amana ya kai ta teburin mai shayi ce. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Allah Ya rufa mana asiri duniya da lahira, amin.