Ƙwai Nawa Za A Dasa?

Matan da ke sallama a gidana a Badarawa ba halaccin dashen ƙwan haihuwa suke tambaya ba. Wannan malamai sun daɗe da rufe babinsa. Tun 1980 Muftin Masar, Sheikh Jadul Haƙ, ya ce ya halatta matuƙar ƙwan na matar ne, maniyyin na mijinta ne, igiyar aure kuma tana nan. Majalisar fiƙihu ta Makka ta bi sahu a 1984. Hannatu Kupchi da aka haifa ta wannan hanya a asibitin Nisa na Abuja a 1998, yau cikakkiyar mace ce. Abin da suke tambayata, ni da na tsufa ina aikin jinya a ɗakin jarirai, shi ne: nawa za a dasa?

"Gwaggo, a zuba uku kawai, wanda Allah Ya nufa ya zauna," in ji 'yar ƙanina. Ban ga laifinta ba. Ta sha gorin dangin miji, mijin kuma filinsa na Rigachikun ya sayar, domin gwaji ɗaya miliyoyin naira yake ci, daga aljihu. Wanda ba shi da kuɗin zagaye na biyu dole ya so a gama a tashi ɗaya. Ga shi mu mutane ne masu son tagwaye. Tun kafin a haife su an raɗa musu Hassan da Husaini, har Gambo an ajiye wa suna.

Sai dai ranar suna kawai 'yan barka ke gani. Fiye da rabin tagwaye ba sa cika mako 37 a ciki, 'yan uku kuwa kusan dukansu bakwaini suke zuwa. Uwar ga hawan jini, ga barazanar jijjiga da zubar jini, ga tiyata. Na ga uban da ke yawo asibiti-asibiti da dare yana neman kwalba uku, ya samu ɗaya.

To, me aka ƙaru da dasa fiye da ɗaya? A 2004 an wallafa binciken da likitocin Suwidin suka jagoranta kan mata 'yan ƙasa da shekara 36. Waɗanda aka dasa wa biyu lokaci guda, kusan kashi 43 cikin ɗari sun haihu. Waɗanda aka dasa wa ɗaya, aka daskarar da ɗayan don gwaji na gaba, kusan kashi 39. Tazarar ke nan. Amma a rukunin farko haihuwa ɗaya cikin uku tagwaye ce, a na biyu ba ta kai ɗaya cikin ɗari ba.

A nan nake rabuwa da masu kiran dasa ƙwai da yawa tawakkali. Tagwayen da suka zo da kansu kyauta ce, a karɓa da hannu biyu, Mai bayarwa Shi zai raya. Dasa uku kuwa zaɓi ne, da biro ake sa masa hannu a ofishin likita, abin da mutum ya zaɓa kuma za a tambaye shi a kai. Ƙa'idar malaman fiƙihu sananniya ce, kauce wa cuta yana gaba da neman amfani, kiyaye rai kuma yana cikin manyan manufofin shari'a. Idan uku ko huɗu suka kama, likita na iya cewa sai an tsayar da zuciyar ɗaya don a ceci sauran. Malaman da suka yi rangwame a nan da lalura suka kafa hujja. Ina hankalin mutum ya ƙirƙiro wa kansa lalurar? Garin neman gira ake rasa ido.

Ban ce ɗaya ne ga kowa ba. Macen da ta doshi arba'in, ko wadda aka yi ta gwadawa bai zauna ba, likita na iya ganin biyu ya dace. Daskarar da ragowar ƙwai kuma malamai da dama sun yarda da shi, muddin ma'auratan nan za a mayar wa, auren bai mutu ba, mijin yana raye.

Tushen matsalar kuɗi ne. Beljiyam ta gane haka a 2003: gwamnati ta ɗauki nauyin aikin haɗa ƙwai har sau shida, da sharaɗin matashiya ƙwai ɗaya za a fara dasa mata. Haihuwar tagwaye ta wannan hanya ta ragu ƙwarai. Kafin mu kai can, likitocinmu su riƙa faɗin haɗarin ƙarara da Hausa, malamai su kai zancen majalisin karatu, iyayen miji su sassauta harshe. Ke kuma 'yata, kafin ki sa hannu, tambayi likita kuɗin daskarar da ƙwai, ki tambaye shi kuɗin mako huɗu na jarirai uku a kwalba, sannan ku yanke shawara ke da mijinki.