Ado a Cikin Akushi: Shin Ƙawata Abinci Ya Dace a Ƙasar da Ake Kwana da Yunwa?

A shekarar 2010 an yi abubuwa biyu da suka shafi cimar ɗan Adam, waɗanda ba kasafai ake ambaton su a zama ɗaya ba. A watan Nuwamba, hukumar UNESCO ta shigar da walimar Faransawa cikin jerin al'adun da ya kamata duniya ta adana, wato zaman cin abincin da ake kawowa kashi-kashi, daga mabuɗin baki zuwa nama ko kifi, zuwa cuku, zuwa kayan zaƙi. A farkon wannan shekarar kuwa, likitocin ƙungiyar MSF suka tarar ana ta binne ƙananan yara a Dareta da Abare na ƙasar Anka, da 'Yargalma ta ƙasar Bukkuyum. Bincike ya nuna gubar dalma ce, wadda ta biyo duwatsun zinare har cikin tsakar gida. Yara fiye da 400 suka rasu.

Duk wanda ya san labari na biyu yana da hujjar yi wa na farko kallon hadarin kaji. Har yau manomi a yammacin Zamfara yakan biya 'yan bindiga kafin ya girbe abin da ya shuka da hannunsa. Garin Anka ya karɓi mutanen ƙauyuka da suka gudo suka bar rumbunansu, Gummi kuma ta ga ambaliyar da ta ci gidaje da gonaki a damunar 2024. A irin wannan hali, me ya haɗa ɗan Anka da mai dafa abincin da ke shafe yini yana tace romo a Paris, ko wanda ke ɗora ganye ɗaya a gefen yankan kifi a Kyoto? Tambayar da ke ƙarƙashin wannan ita ce: shin ɓata lokaci da basira wajen ƙawata abinci ɗabi'a ce ta gari, ko kuwa izgili ne ga wanda bai samu ko gaya ba?

Mai zargi yana da abin kafa hujja, kuma tarihin Faransa ma ya ba shi. A watan Afrilu na 1671, Yariman Condé ya shirya wa Sarki Luwi na 14 walima a fadarsa ta Chantilly, ya ɗora nauyin hidimar a kan wani mai suna Vatel. Ranar Juma'a da asuba kifin da aka yi oda bai iso yadda ake tsammani ba. Vatel ya ga mutuncinsa ya zube, ya shiga ɗaki ya soke kansa da takobi. Bai jima da cikawa ba sai ga kifi yana isowa. A wannan walima, abincin ya tashi daga abin rayar da mutum ya koma ma'aunin girman mai gida, har ran ma'aikaci ya zama bai kai farantin kifi daraja ba. Wannan cuta ba ta mutu da Vatel ba. Kamfanin tayar mota na Michelin ya fara buga littafin jagorar matafiya a 1900, daga 1926 kuma ya soma raba wa gidajen abinci taurari. Yau akwai masu girkin da tsoron rasa tauraro ɗaya ke hana su barci. Mu ma ba mu tsira ba: an san bikin da ake yanka abin da ba za a cinye ba don a ce an yi, a wayi gari a zubar da shinkafa a juji alhali maƙwabci ya kwana da ruwan koko.

Sai dai wanda ya tsaya a nan ya ga rufin ɗaki ne bai ga tubalinsa ba. Idan aka bi manyan girke-girken duniya zuwa tushensu, abin da aka fi tararwa shi ne rashi. Miyar kifin da birnin Marseille ke alfahari da ita a yau, masunta ne suka fara haɗa ta da ƙananan kifayen da suka yi kwantai a kasuwa. Romon da girkin Faransawa ya dogara a kansa kuwa ƙashi ne da guntayen kayan lambu, abin da mai gaggawa zai watsar. Ita kanta kalmar da suke kiran gidan abinci da ita, wadda ta bazu a duniya, asalinta sunan wani romo ne da ake sayarwa a Paris a ƙarni na 18 don maido wa raunana ƙarfi. Daga baya ne Auguste Escoffier, wanda littafinsa na girki ya fito a 1903, ya tsara ɗakin girki kamar rundunar soja, kowa da aikinsa, mai miya daban, mai gashi daban. Masu hali sun sayi wannan gwaninta da tsada, amma a tukunyar talaka aka haife ta.

Lamarin Japan ya fi fitowa fili. Mafi darajar walimarsu ita ce kaiseki, kuma haruffan da masu shan shayi ke rubuta sunan da su na nufin dutse a ƙirji. Labarin da ake bayarwa shi ne, masu ibada a gidajen bautarsu kan ɗumama dutse su sa a cikin riga don su yaudari yunwa. Ashe sunan walimar ma tunawa ce da cikin da bai ƙoshi ba. Sen no Rikyu, malamin shayin da ya rasu a 1591, ya rage walimar sarakuna zuwa shinkafa da miya da 'yan abubuwa kaɗan, a cikin bukka mai ƙanƙanuwar ƙofa wadda dole basarake ya ajiye takobinsa a waje ya shiga da rarrafe. Ƙa'idarsu ita ce a ci kowane abu a lokacinsa, kada a danne ɗanɗanonsa da yawan haɗi, kada kuma a bar ƙwayar shinkafa a kwano. Gaskiya ne kaiseki a yau ta zama ta masu kuɗi, amma ruhinta bai fito daga kuɗi ba. Da UNESCO ta karrama cimar Japan a 2013, abin da ta fi duba shi ne girkin gida, musamman na sabuwar shekara, da girmama abin da ƙasa ta bayar.

Idan haka ne, Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan fage. A dubi daddawa. Mace takan dafa kalwar ɗorawa tsawon sa'o'i, ta surfa, ta wanke, ta sake dafawa, ta rufe kwanaki har ta ruɓa daidai gwargwado, sannan ta kirɓa ta shanya. Duk wannan wahala don ɗan abin da za a gutsura a jefa a miya. A 1908 wani masanin kimiyya ɗan Japan, Kikunae Ikeda, ya gano sinadarin da ke ba romon ciyawar teku armashi, daga nan aka samu Ajinomoto, farin magin da ke kan teburin kowane mai shago a Gummi. Sinadarin nan yana cikin daddawa, kuma kakanninmu sun san hanyar fito da shi tun ba a ba shi suna ba. Haka kuka da busasshiyar kuɓewa da kilishi, duk dabarun ketare rani ne. Ƙanzon da ya kama a gindin tukunya ba a zubar da shi, jiƙa shi ake a kwaɗanta da ƙuli-ƙuli. Wannan ita ce hikimar masuntan Marseille, da wani harshe.

Ladabin ci ma muna da namu, kuma ba ƙarami ba ne. Ana malmala tuwo da mara har ya yi sumul, a zuba a akushi, a rufe da faifai mai zane, man shanu ya bi miya. Ana wanke hannu, a yi bismilla, a ci da dama, kowa ya tsaya a gabansa. Yaro ba ya miƙa hannu ga nama sai babba ya raba, babba kuma ba ya suɗe kwano, yakan bar wa na baya. A ciyayya, magidantan unguwa kan fito da kwanukansu ƙofar gida bayan magariba a haɗa a ci, ta yadda wanda ba a ɗora tukunya a gidansa ba zai ƙoshi ba tare da an gane ba. Ƙofar Rikyu tana sunkuyar da mai girma, ciyayya kuwa tana rufa wa maras shi asiri. Duka biyun sun fahimci cewa mutum ba tumbi kaɗai ba ne, yana da fuskar da ake kiyayewa. Shi ya sa Hausawa suka ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Amma akwai matakin kyautatawa da ya riga ado, kuma a nan ne abin da ya faru a Anka da Bukkuyum ya shiga maganar. A Japan ana cin wani kifi mai suna fugu, wanda hantarsa da ƙwansa ke ɗauke da dafi mai kisa. Ba a yarda kowa ya sarrafa shi don sayarwa ba sai wanda ya koyi aikin ya sami lasisi. Mai ci ba ya ganin abin da aka yi a ɗakin girki, ya miƙa ransa ne ga hannun wani. Kowane cin abinci haka yake, ko da tuwon dawa ne. A ƙauyukanmu, da farashin zinare ya hau, sai aka riƙa niƙa dutse a irin injin da ake niƙa hatsi, ana daka shi a turmi a tsakar gida, ana shanya shi inda yara ke rarrafe kuma ake shanyar tsaba. Dalma ba ta da wari, ba ta sauya kalar tuwo. Iyayen da suka yi haka neman abin ciyar da 'ya'yan nan suke yi, ba wanda ya sanar da su, don haka ɗora musu laifi zalunci ne. Nauyin yana kan waɗanda ke da ilimi da iko. Sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa, Bagega ma ba a fara aikinta ba sai 2013. Darasin dai ya tabbata: abin da ya fi muhimmanci a cikin kwano shi ne wanda ido ba ya gani. Tsantsenin mai fugu da tsabtar turmin uwar gida sunansu ɗaya, amana.

Daga nan ana iya amsa tambayar. Ƙawata abinci ba laifi ba ne don ana yunwa, domin yunwa ce ma ta koya wa mutane yawancin gwanintar. Abin dubawa shi ne wa adon yake yi wa hidima. Idan mai ci ake nufi, lafiyarsa da jin daɗinsa da mutuncinsa, to aikin alheri ne ko a Kyoto aka yi shi ko a Bukkuyum. Idan kuwa idon 'yan kallo ake nufi, to riya ce, kuma ita ce ke haifar da almubazzarancin da addini ya hana, ita ce ta kashe Vatel. Ana gane bambancin da alamu uku: ko an kiyaye amanar abin da ba a gani, ko an guji ɓarna, ko kuma an bar wuri ga wanda ba a gayyata ba.

Wannan ma'auni yana da wani ɓangare da ya shafi mai bayarwa. Ana yawan cewa da babu gara ba daɗi, kuma haka ne a ranar tsanani. Sai dai karin maganar ta mai karɓa ce, yana rarrashin kansa. Idan ta koma bakin mai bayarwa ta zama uzurin wulaƙanci. Wanda ke miƙa wa almajiri tuwon da ya fara yami, ko ya raba wa 'yan gudun hijira hatsin da ya ci ƙwari yana ɗaukar su hoto, ya cika ciki ya zubar da mutunci. Matar da ta baro ƙauyenta da tukunya ɗaya, amma har yanzu take wanke kwano, ta malmala ɗan tuwon da ta samu, ta rufe shi da faifai kafin ta ajiye wa 'ya'yanta, ba ɓata lokaci take yi ba. Tana shaida musu cewa abin da aka ƙwace gona ce da shanu, darajarsu tana nan. Ba za a taɓa ba ta tauraron Michelin ba, amma aikin da ake raba taurarin dominsa, a hannunta yake.