Ɗan da Aka Tura Karatu Waje, Dole Ne Ya Dawo?

Duk lokacin da Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ta yaye ɗalibai, akwai 'yan ƙalilan da ake ware sunayensu daban, su ne masu digiri mai daraja ta ɗaya, wanda yaranmu ke cewa fas kilas. Kafin yaro ya kai nan sai makinsa na duk shekarun karatu ya kai 4.50 cikin 5. Duk wanda ya taɓa biyan kuɗin motar ɗansa zuwa Yalwa ko Gubi ya san wannan maki ba a tsintarsa a hanya. Daga ranar kuwa ƙofofi sukan soma buɗe masa. Jami'a na iya riƙe shi ya koyar. Yana iya neman tallafin PTDF, asusun da gwamnatin tarayya ta kafa tun 1973 don horar da masana harkar man fetur, ko na Commonwealth, ko Chevening na gwamnatin Ingila. Kafin ka ankara, yaron da jiya ake aike sayo kalanzir ya hau jirgi.

Tafiyarsa ba ta cika jawo gardama ba. Inda majalisun unguwar nan ke rabuwa biyu shi ne ranar da aka ji ya gama, ya samu aiki a can, ya ce ba yanzu zai dawo ba. Wasu su ce ya ci amana. Wasu su ce ai ƙoƙarinsa ne ya kai shi, ba wanda ya yi masa karatun dare, a ƙyale shi ya ci guminsa. Wannan tambaya ta cancanci a zauna a duba ta da natsuwa, domin yau ɗan maƙwabci ne, gobe naka ne.

Mu fara da masu cewa ƙoƙarinsa ne. Suna da gaskiya a wani ɓangare. Yaro ya hana idonsa barci, ya yi karatu da fitilar waya ranar da babu wuta, ya ƙi biye wa abokai. Ba wanda zai ƙwace masa wannan. Amma mu tambayi kanmu, a ajin nan nasu shi kaɗai ne mai ƙwaƙwalwa? Akwai wanda da an tashi lacca sai ya karɓi Keke Napep ya yi ta zagaye tsakanin Wunti da Muda Lawal har dare, don ya haɗa kuɗin rajista. Akwai yarinyar da sai ta gama girkin gida da wankan ƙanne kafin ta buɗe littafi. Akwai wanda yayansa ya bar makaranta ya zauna a shago don shi ya ci gaba. Makin nan da aka rubuta da sunan mutum ɗaya, in ka tona shi za ka tarar da zufar mutum biyar ko goma a ciki: uwar da ta sayar da akuyarta, malamin firamare da ya lura da shi, ɗan uwan da ya haƙura. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kuma mun san ƙissar Ƙaruna a Suratul Ƙasas, wanda ya ɗauka iliminsa ne ya ba shi abin da ya samu, mun kuma san yadda ya ƙare.

Haka abin yake ga sauran damar da ke cikin jami'a. Masu ba da tallafin waje ba maki kaɗai suke dubawa ba. Chevening, alal misali, tana neman shaidar shekara biyu ta aiki, tana kuma son mai nema ya nuna inda ya taɓa jagorantar mutane. To wa ke da sukunin zama shugaba a ƙungiyar ɗalibai, ko sakatare a ƙungiyar ɗalibai Musulmi, ko ya shiga muhawara, ko ya tafi koyar da yara kyauta a ƙauye lokacin hutu? Sai wanda wani ya ɗauke masa nauyin abinci. Ka ga dama tana haihuwar dama. Wannan bai sa a ce a daina fifita masu ƙoƙari ba, don al'ummar da ba ta girmama ƙoƙari za ta wayi gari ba ta da likita ba ta da injiniya. Abin da ya nuna kawai shi ne, wanda aka fifita ya shigo da bashi a wuyansa tun kafin ya sa hannu a kowace takarda.

Yanzu mu juya ga masu cewa duk wanda bai dawo ba ya ci amana. A nan ne mu mutanen unguwar nan ya kamata mu yi hattara da bakinmu. Mu su wane ne? Kakanninmu daga Kano, Katsina, Zazzau, Haɗeja da sauran garuruwa suka taso. Wani fatauci ya kawo shi, wani almajiranci, wani jima ko rini ko fawa. Da yawansu sun bar gida da niyyar shekara ɗaya ko biyu, sai ga shi a nan aka binne su, a nan muka tashi. Da a ce duk wanda ya tafi nema bai koma ba maci amana ne, to da unguwar nan kaf zuriyar maciya amana ce, Allah ya kiyaye. Ƙasa ta Allah ce, kuma Bahaushe bai taɓa ɗaukar tafiya abin kunya ba. Akwai zangonmu a Kumasi, akwai Sabo a Ibadan, akwai 'yan uwanmu a Sudan da suka tafi aikin Hajji a ƙasa suka zauna. Yaron da ya zauna a Manchester ko Kuala Lumpur bai yi abin da kakansa bai yi ba.

Akwai ma wani abu mai ɗaci da yaranmu suka sani fiye da mu. Idan an zo rabon tallafin karatu, takardar da ake fara tambaya ita ce ta shaidar asalin ƙaramar hukuma. Yaron da aka haifa a Bauchi, ubansa ma a Bauchi aka haife shi, yana iya tarar da kansa a tsaka mai wuya: a nan a tambaye shi asalin kakansa, a garin kakan kuma a ce ba a san shi ba. Lokacin da gwamnatin Kano ta tura ɗalibai 501 karatun digiri na biyu a ƙasashen waje zamanin Rabi'u Musa Kwankwaso, da lokacin da aka farfaɗo da shirin a 2023, 'yan asalin jihar aka nema. Kowace jiha haka take yi da nata. To idan irin wannan yaro ya yi fafutukarsa ya samu tallafi daga wata jami'ar waje, sannan muka ce masa ya dawo gida, yana da ikon ya tambaye mu, wane gidan?

Saboda haka a ganina tambayar ta kasu biyu, kuma haɗa su ne ke sa gardamarmu ba ta ƙarewa.

Kashi na farko shi ne wanda ya tafi da kuɗin jama'a bisa alkawari. Malamin jami'a da asusun TETFund ya biya wa karatu yakan sa hannu cewa zai dawo ya koyar. Mai Chevening yakan amince zai koma ƙasarsa ya yi aƙalla shekara biyu. Wannan ba ya buƙatar dogon falsafa. Alkawari kaya ne, kuma Musulmi ya san saɓa shi na cikin alamomin munafunci. Kakanmu da ya zo fatauci ya zauna, da jarinsa ya zo. Da a ce kayan wani ya ɗauko bisa sharaɗin zai koma da riba, sannan ya yi zamansa, ai ba mai kiransa baƙo, sunansa daban ne. Kuma illar ba ta tsaya kan mai laifin ba. A ƙarshen 2024 TETFund ta sanar da dakatar da tura malamai karatu waje daga farkon 2025, dalilan da ta bayar kuwa su ne tsadar kuɗin waje da yawan waɗanda aka tura suka ƙi dawowa. Ka ga wanda ya gudu ya tafi da rabonsa, ya kuma rufe ƙofa a fuskar ƙaninsa da ke kan layi.

Na san abin da za a ce. Albashin malamin jami'a ba ya kai wata, dala da ke ƙasa da naira 500 a farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024, ɗakin gwaje-gwaje babu kayan aiki, yajin aiki ya cinye wata takwas a 2022. Duk gaskiya ne, kuma hukumar da ta tura mutum ya koyo aiki ta dawo da shi inda babu kayan yin aikin ita ma za ta amsa tambaya. Amma laifin wani ba ya goge sa hannunka. Wanda ya ga ba zai iya ba, hanya a buɗe take: ya dawo ya cika shekarun da ya ɗauka sannan ya tafi, ko ya mayar da kuɗin a tura wani.

Kashi na biyu shi ne wanda ba takardar kowa a kansa. Shi ba dole ya dawo da jikinsa ba, amma bashin nan na farko, na uwa da yaya da malami da unguwa, yana nan. Kuma ba a biyansa da kuɗin cefane kaɗai. Aiko da kuɗi alheri ne, Allah ya saka, sai dai abin da aka ba shi dama ce, da dama ya kamata ya biya.

Tarihin garin nan ya ishe mu misali. Malam Yakubu, Sarkin Bauchi na farko, yaro ne da aka ɗauka aka kai Degel ya yi karatu wurin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Ya daɗe a can, ya komo da tuta, ya kafa birnin da muke zaune a ciki. Malam Sa'adu Zungur shi ne ɗan Arewa na farko da ya shiga Babbar Kwalejin Yaba a Legas a 1934. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tafi Cibiyar Nazarin Ilimi ta Jami'ar Landan a 1945, ya dawo a 1946. Malam Aminu Kano, wanda shi ma baƙo ne a Bauchi kamar kakanninmu, aikin koyarwa a Midil ya kawo shi, ya bi sahu zuwa Landan a 1946, ya kuma kafa ƙungiyar malaman makaranta ta Arewa. Tun ma kafin tafiyar, wajen 1943, mutanen nan uku suna cikin waɗanda ke zama a wani dandalin tattaunawa a nan Bauchi bayan an tashi aiki, ana muhawara kan yadda ake mulkin ƙasa, har abin ya dami hukuma ta rufe shi. Ba wanda ya ba su maki a kan wannan zama, ba wanda ya biya su. Daga baya hanyoyinsu na siyasa sun rabu, amma abu ɗaya ya haɗa su: kowannensu ya ɗauki abin da ya samo a matsayin kayan jama'a da aka ba shi ajiya. Ko ayar Suratut Tauba da ta yi maganar wasu su fita neman fahimtar addini, ta haɗa fitar da amfanin da mutanensu za su samu idan sun komo.

Su a zamaninsu komowa sai da ƙafa. Yau yaron da ke Jamus yana iya zama da ɗalibai goma na unguwar nan ta waya duk Asabar, ya nuna musu yadda ake cike takardar neman tallafi, yadda ake rubuta wasiƙar gabatar da kai, wace jarrabawar Turanci ake buƙata, yaushe ake rufe karɓa. Yana iya gabatar da ƙani ga farfesansa. Yana iya ɗaukar nauyin rajistar yaro ɗaya, don yaron ya ajiye keken nan ya zauna ya yi karatu. Mafi yawan damar da ke wuce yaranmu, rashin jin labarinta a kan lokaci ne ke sa ta wuce su. Wanda ya riga ya shiga shi ya san inda ƙofar take. Akwai kuma wanda ya dawo da jikinsa, yana nan cikin gari, amma ya ɗaga katanga ya sa maigadi, ɗan unguwa ba ya ganinsa. Tsakanin su biyun wa ya dawo?

Mu ma da muke zaune akwai namu nauyin. Kada mu mayar da yaron da ya tafi kamar rumbu, kowa ya kira sai da buƙatar kuɗi, har ya gaji ya canza lamba. Mu roƙe shi abin da ya fi kuɗi. Kada kuma mu hana 'ya'yanmu shiga ƙungiyoyin makaranta masu tsabta da sunan ɓata lokaci, domin a nan ake koyon tsayawa gaban jama'a da riƙon amanar kuɗin mutane. Ita ma yarinyar da ta fita da fas kilas, kafin a ce mata a'a, a zauna a duba ko akwai hanyar da za ta tafi cikin mutunci da aminci, don asibitocinmu na neman likitoci mata ido rufe. Masu unguwa da dattawa kuma su taimaka wa yaranmu kan batun takardar asali tun da wuri, kada sai ana saura kwana biyu a rufe.

Ga iyayen da ɗansu ke shirin tafiya, shawarata ita ce a yi maganar nan tun jirgi bai tashi ba. A tambaye shi a gaban yayyensa: kuɗin wa za ka tafi da shi, me ka sa wa hannu, wa za ka jawo bayanka? In ya amsa waɗannan ukun da gaskiya, a sa masa albarka, ya zauna duk inda Allah ya ajiye abincinsa. Allah ya shirya mana zuriya, ya sa ilminsu ya amfane su ya amfane mu.