Mai Bin Bashi Ya Tsaya A Ƙofa

Karatu: Maimaitawar Shari'a 24:10-13, Matiyu 1:18-19

A cikin shari'ar da Ubangiji ya ba Isra'ilawa ta hannun Musa akwai doka a kan bashi. An hana mai ba da rance shiga gidan maƙwabcinsa domin ɗaukar jingina. Sai dai ya tsaya a waje, maigidan ya fito masa da ita da kansa. In kuwa matalauci ne ya jinginar da mayafinsa, dole a mayar masa kafin faɗuwar rana. Allah ya san rashi yakan sa mutum cin bashi, amma bai yarda rashi ya zama dalilin tona asirinsa ba.

A yau mai bin bashi yakan shigo ta wayar hannu. Akwai kamfanonin da suke ba da rance ta manhajar waya ba tare da jingina ba. Kafin su ba da kuɗin, sukan nemi izinin ganin lambobin da suke cikin wayar. Wanda ɗansa yake kwance a asibiti yakan yarda nan take. Idan ranar biya ta wuce, sai waɗansunsu su aika da saƙo ga surukansa, da fastonsa, da abokan aikinsa, suna kiransa ɓarawo. Mai hali yana da banki da lauya, bashinsa yana rufe. Talaka kuwa yakan biya da kuɗi, ya ƙara da mutuncinsa.

Hukuma ta ɗauki mataki. A 2021 hukumar NITDA ta ci wani kamfanin rance tarar naira miliyan 10 saboda irin wannan aika-aika. A 2023 kamfanin Google ya hana manhajojin rance taɓa lambobi da hotunan mutane, a watan Yunin shekarar kuma aka sa hannu a Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya. Amma doka ba ta iya mayar da saƙon da ya riga ya yaɗu.

A nan ne nawayar mai bi take. Sa'ad da Yusufu ya tarar Maryamu tana da ciki, ya ƙudura ya rabu da ita a ɓoye domin kada ya kunyata ta, Matiyu kuwa ya kira shi adali. Kiristan da irin wannan saƙo ya iso wayarsa kada ya tura wa kowa, kada ya kai shi hirar zumunta da sunan roƙon addu'a. Ya nemi ɗan'uwan shi kaɗai, ya ji damuwarsa. Iyaye su koya wa 'ya'yansu karanta abin da manhaja take nema kafin su yarda, gama lambobin da suke cikin waya amanar mutane ce. Dattawan ikkilisiya kuma su ƙarfafa asusun taimako da adashi, domin mabukaci ya sami inda zai je a rufa masa asiri.

Ubangiji wanda yake ganin abin da yake ɓoye, ya kuma rufe zunubi da jinin Ɗansa, ya ba jama'arsa irin wannan zuciya. Amin.