Shin Mummunar Murya Na Iya Ɗaukar Gaskiya?

Masu iya magana na cewa kukan kurciya jawabi ne, mai hankali ke ganewa. To amma kurciya tana da daɗin murya, shi ya sa ba a ƙosawa da sauraronta. Abin da muke so mu tattauna a wannan fitowa shi ne matsayin mai sauraro idan jawabin ya zo masa cikin kururuwa da ashar da kiɗa mai kashe dodon kunne. Ya toshe kunne ne domin kare mutuncinsa, ko kuwa ya daure ya ji abin da ake faɗa? Za mu ɗauki misalinmu daga ƙasar Ingila, inda aka taɓa yin wannan taƙaddama har ta kai gaban alƙali.

A cikin watan Oktoba na 1977 wata ƙungiyar samari huɗu masu kiɗan da ake kira fank, mai suna Sex Pistols, ta fitar da faifanta mai suna Never Mind the Bollocks. Shi wannan kiɗa gajerun waƙoƙi ne masu sauri, jita na ruri, ganga na dukan kawo wuƙa, shi kuwa zabiyan, Johnny Rotten, sai ka rantse faɗa yake yi da wani. Waƙoƙin sun taɓo sarauta da kamfanonin faifai da zubar da ciki da zaman kashe wando. Lokacin kuwa Ingila na cikin matsi, domin hauhawar farashi ta haura kashi 20 cikin ɗari a 1975, marasa aiki sun wuce miliyan ɗaya, a 1976 kuma sai da gwamnati ta nemi rance daga asusun IMF.

Masu sauraro sun rabu. Kashin farko su ne waɗanda suka ji an ci zarafinsu. Tun a watan Disamba na 1976, da samarin suka yi ashar a wani shirin talabijin na Bill Grundy, aka soke yawancin wasannin da suka shirya yi a garuruwa, kamfanin EMI kuma ya sallame su. Waƙarsu mai suna God Save the Queen ta fito daidai bikin cikar Sarauniya Elizabeth shekara 25 bisa gadon sarauta, sai BBC ta haramta sa ta. Wasu manyan kantuna sun ƙi sayar da faifan. A birnin Nottingham ma an gurfanar da manajan wani shagon faifai saboda ya kafa bangon faifan a taga, bisa wata doka ta 1889, kasancewar kalmar ƙarshe ta sunan batsa ce a bakin 'yan titi. Lauya John Mortimer ya kawo wani farfesan harshe ya yi bayanin tsohon tarihin kalmar, kotu ta sallami wanda ake tuhuma.

Kashi na biyu su ne matasan da suka ji kamar daga bakinsu aka cire maganar. Su a wurinsu kaushin shi ne shaidar cewa ba a yaudararsu, domin sun gaji da mawaƙan da ke zaune cikin daula suna rera masu waƙar soyayya alhali su ko kuɗin mota ba su da shi. Faifan ya hau matsayi na ɗaya a jerin ciniki duk da takunkumin. Hasali ma wasu daga cikin 'yan tsirarun da suka kalli wasan ƙungiyar a Manchester a 1976 sun koma gida sun kafa nasu ƙungiyoyin, irin su Joy Division, don sun ga ashe ba sai wanda ya yi makarantar kiɗa ba ne ke da ikon buɗe baki.

To wane ne ke da gaskiya? Mu a ganinmu kashin farko suna da hujjar da bai kamata a raina ba. Ladabi a magana shi ne katangar da ke hana jama'a cin naman juna, kuma uban da ba ya son ɗansa ya koyi ashar daga akwatin talabijin bai yi laifi ba. Inda suka kauce shi ne da suka mai da munin lafazi ya zama dalilin ƙin duba ma'ana. Wanda gobara ta kama ɗakinsa ba a sa ran ya tsaya yin sallama kafin ya yi kururuwa. Waɗanda suka fi kowa kukan an keta ladabi ba su tsaya sun tambayi abin da ya sa yaro ɗan shekara 21 ke ganin ba shi da makoma a ƙasarsa ba. Abin da ya fi muni kuma, a watan Yuni na 1977 wasu masu kishin sarauta sun tare Rotten sun yanke shi da reza. Nan mai sauraro ya aikata da hannunsa abin da ya fi duk ashar ɗin da yake ƙyama.

Sai dai su ma kashi na biyu akwai inda suka yi tuntuɓe. Gaskiya ɗaci gare ta, amma ba duk abu mai ɗaci ne magani ba. Sun ɗauka duk wanda ya yi tsawa gaskiya ya faɗa, suka manta cewa kaushin ma ana iya ƙera shi. Wannan faifan da ake jin kamar an ɗauke shi a zama guda, an yi watanni ana aikinsa a ɗakin ɗaukar sauti, Chris Thomas yana ɗora sautin jita bisa wani har ya yi kauri. Manajansu Malcolm McLaren kuwa ɗan kasuwa ne da ya san rigima na jawo ciniki. Ban da haka, Sid Vicious ya riƙa sa riga mai tambarin 'yan Nazi don kawai ya ba mutane haushi, ba tare da tunanin waɗanda aka kashe wa iyaye a ƙarƙashin wannan tambari ba. Ƙungiyar ta watse a watan Janairu na 1978, shi kuma Sid ƙwaya ta kashe shi a 1979 yana ɗan shekara 21. Masu tafa masa suna da kaso a cikin wannan, domin sun ɗauki halakarsa a matsayin abin kallo.

Saboda haka muna ganin hakkin mai sauraro abu biyu ne. Na farko ya daure ya ji, ko da lafazin ya sosa masa rai, sannan ya tambaya: shin abin da aka faɗa haka yake? Na biyu ya duba wa aka nufa da kaushin. Idan an juya shi ga mai iko da ya ƙi jin magana mai laushi, to yana da uzuri. Idan kuwa an sauke shi a kan mai rauni, ko an yi shi don ciniki kawai, to zalunci ne ko da an yi masa kiɗa.

Zamani ya nuna mana wani abu kuma. A 2012 an sa kiɗan wannan ƙungiya a bikin buɗe wasannin Olamfik na Landan, bikin da ita Sarauniyar ta halarta. Kunnen jama'a ya saba da ƙarar, ta daina ba kowa tsoro. Wannan ya kamata ya zama izina gare mu marubuta. Kaushin lafazi yana tsufa da wuri, abin da ke saura shi ne ko an faɗi gaskiya game da halin da mutane ke ciki. Duk wanda zai ɗaga murya a rubutunsa, to ya tabbata yana da abin faɗa wanda zai tsaya da ƙafarsa bayan kurar ta lafa. Wanda kuma aka ɗaga wa murya, ya bincika kansa tukuna kafin ya nemi a rufe bakin mai magana.