Turin Tsohuwar Fijo

Injin mota, komai ƙarfinsa, ba ya iya tayar da kansa. Sai wani abu daga waje ya fara juya shi, fistin ya hau ya sauka, ya zuƙo mai da iska, fulogi ya ba da wuta, sannan ya kama. A mota mai lafiya batir da sitata ne ke yin wannan aiki kafin ƙiftawar ido, shi ya sa ba mai lura da shi. A tsohuwar Peugeot 504 kuwa, irin wadda akan gani jefi-jefi a kewayen kasuwar Arzèkè ta Parakou, sau da yawa kafaɗun mutane ne ke yi, kuma a nan abin ke fitowa fili.

Direba zai murɗa makulli, ya taka kuloci, ya sa giya ta biyu. Mutum uku ko huɗu su dafa bayan mota. Da fari da ƙyar take motsi, can sai ta miƙe har masu turi su fara sassarfa. Daidai nan direba zai ɗaga ƙafa. Tayoyin baya, waɗanda kullum injin ke juyawa, yau su ne ke juya injin. Motar ta yi tari, ta zabura, ta fesa baƙin hayaƙi, ta yi gaba. Masu turi su tsaya tsakiyar titi suna haki, ƙurar motar da suka tayar tana baɗe su.

Parakou garin mota ne tun da daɗewa. Layin dogon da ya taso daga Kwatano a nan ya tsaya tun 1936, a nan aka riƙa sauke kayan Nijar ana ɗora wa manyan motoci zuwa Malanville da Gaya, don haka direbobi da makanikai suka taru. Ita 504 a 1968 ta fito a Faransa, ta zama gwarzuwar motocin Turai ta 1969. A 1975 ta cinye tseren Safari na Kenya, a shekarar kuma aka fara harhaɗa Peugeot a Kaduna. Doguwar nan mai layin kujeru uku ta yi shekaru tana jigilar 'yan kasuwa da buhunan doya a hanyoyin arewacin Benin.

An yi wani dattijo a unguwar Zongo, Allah ya jiƙansa, wanda ya riƙe tasa fara har ya bar duniya. Bai taɓa zaunar da ɗansa ya ce masa ka so mota ba. Sifana yakan miƙa masa ya riƙe, ya sa shi wanke fulogi da fetur, ya ce ya kasa kunne ya ji ko injin na tsallake. Wata safiya batir ya yi sanyi. Maimakon ya hau ya bar yaron da turi, sai ya zaunar da shi gaban sitiyari, ya naɗe babbar rigarsa a kafaɗa, ya koma baya.

"Kada ka saki sai na ce maka saki."

"To, Baba."

Yaron nan yau furfura ta fara fito masa, yana da halin sayen 'yar Kwatano, amma farar Fijon na nan a ƙofar gidansa.

Abin lura a turi shi ne mai turi ba ya zuba wa mota komai. Man da zai ƙone yana cikin tankinta, ɗan sauran wutar da kwayil ke bukata tana cikin batirinta. In babu su, a tura ta har Djougou ba za ta kama ba. Dattijon nan 'ya'yansa maza biyu ne, sifana ɗaya suka riƙe, ƙamshin fetur ɗaya suka shaƙa, amma babbansu atamfa yake sayarwa a Arzèkè, ko buɗe bonet ba ya yi. Uban bai ɗauki wannan laifi ba. Wanda ya halicci zukata shi ya san abin da ya zuba a kowane tanki.

Sai kuma lokacin saki, wanda a nan iyaye da yawa ke tuntuɓe. In an ɗaga ƙafa mota ba ta ɗauki gudu ba, sai ta turje, masu turi su yi karo da ita. In an sa giya ta ɗaya don gaggawa, fizgar ta yi yawa, taya ya ja ƙasa. Wani kuma tsoro ke hana shi cewa a saki, a yi ta turi har titi ya ƙare, ƙarfi ya ƙare. Uban da ya kai ɗansa shekara arba'in bai taɓa ba shi makullin shago ba, shi ne wannan.

Kuma mai turi, in aikinsa ya yi kyau, a baya ake barinsa. Ba shi da wata alamar nasara sai ya ga motar tana yi masa nisa.

Motocin zamani masu canza giya da kansu, da ake saukewa a tashar ruwan Kwatano, ba sa karɓar turi. Sun fi sauƙi, ba musu, sai dai yaron da ya tashi da su da wuya ya ji nauyin mota a kafaɗarsa.

Da zarar tsohuwa ta kama, za ka ji masu turi na ihu: kada ka kashe! Suna da hujja. Muddin injin na juyawa, altaneta na mayar wa batir wutarsa, kuma tafiyar Parakou zuwa Djougou, sama da kilomita 130, ta isa a wayi gari mota ta tashi da makulli. Ajiya ce ke kashe batir. Saboda haka ɗan dattijon ke fitar da Fijon kowace Juma'a, ko da ba shi da wurin zuwa sai masallaci.