HAKKIN YARA A WUYAN MAI GIDAN HAYA



Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi a 2013, gidajen haya sun ƙara daraja a ƙasar Kalgo. Waɗansunmu daga Diggi da kewaye sun gina ɗakuna suna karɓar kuɗin wata. Wannan halal ne. Amma wanda ya karɓi kuɗin haya ya karɓi amana, kuma mafi nauyin amanar ita ce ran yaran da ke wasa a tsakar gidan.

Shari'ar Musa ba ta bar mu cikin duhu ba. A Maimaitawar Shari'a 22:8 an umarci mai sabon gini ya yi wa soronsa rawani, domin kada wani ya faɗo alhakin jini ya hau gidan. A Fitowa 21:33-34, wanda ya bar rami a buɗe shi ke biyan hasarar dabbar da ta faɗa ciki. In Allah ya kula da jakin maƙwabci haka, ina ga ɗansa?

Mu dubi gidajenmu. Rijiya ba murfi, bakin masai ya zaizaye, wayar lantarki tsirara a inda hannun yaro ke kaiwa, katanga ta tsage tun bara. Mun ga yadda ruwa da ambaliyar 2020 suka rushe gidajen ƙasa a Jihar Kebbi. Katangar da ba a yaɓe ta da rani ba, ita ce damina ke fara kayarwa, sau da yawa da dare, yara na barci.

Kada mu ce ƙaddara ce. Abin da muka gani, muka iya gyarawa, muka ƙi, sunansa sakaci, kuma zunubi ne da ya kamata a kai wurin furci. Ubangiji Yesu ya yi gargaɗi mai tsanani a Matiyu 18 a kan raina ƙanana. Bai ware ɗan Kirista da ɗan Musulmi ba.

Saboda haka, kafin ruwan fari, kowane mai gida ya zaga gidansa tare da 'yan hayarsa, ya gyara abin da ya lalace daga kuɗin hayar. Ku 'yan haya, ku faɗi matsala da wuri, cikin ladabi. In ba a ji ku ba, ku sanar da katekist ko mai unguwa.

Iyali Mai Tsarki ma sun yi baƙunci a Masar, a ƙarƙashin rufin wani. Allah ya tsare 'ya'yanmu. Amin.